A zo ƙarfe 8, oga ya iso bayan azahar: wahalar neman aiki da masu cin ribarta

1/
Jama'a, yau ina so mu yi maganar da kowa ke yi a majalisa da teburin mai shayi amma ba a cika rubuta ta ba: yadda ake wulaƙanta masu neman aiki a ƙasar nan. Rashin aikin kansa mun san shi. Maganata kan wahalar da ake ba mutum ce kafin a ce an ɗauke shi ko ba a ɗauke shi ba. Zaren da tsawo, ku gyara zama.

2/
Ra'ayina a taƙaice: hargitsin da ake yi wajen ɗaukar aiki shi kansa rariya ne. Tun kafin a buɗe takardar kowa ya riga ya zubar da wanda ba shi da kuɗin mota sau uku, da wanda sabis ba ya kai wa garinsu sosai, da wanda ba shi da na ciki da zai kira shi ya ce "an canja wuri fa." Mu 'yan karkara mu ne farkon zubewa.

3/
Ni ɗan yankin Dangoma ne, ƙaramar hukumar Kalgo, masarautar Gwandu. Ba mu da nisa da Birnin Kebbi. Jami'ar Tarayya ma mazauninta na dindindin a ƙasar Kalgo yake, kan hanyar Bunza. Ga jami'ar jiha a Aliero, ga Waziri Umaru a Birni, ga kwalejin Adamu Augie a Argungu. Duk shekara suna yaye ɗalibai. Takardu dai muna da su. Sai an zo neman aiki ake gane kurensu.

4/
Mu fara da abin da mutum ke kashewa kafin ma a ga fuskarsa. Data. Kuɗin kafe, don yawancin fotal ɗin nan ba sa buɗuwa da kyau a waya. Hoton fasfo. Fotokwafi. Takardar shaidar ɗan ƙaramar hukuma. Rantsuwar shekaru a kotu in babu takardar haihuwa. Gyaran NIN in harafi ɗaya ya saɓa da na WAEC. Takardar lafiya daga asibitin gwamnati. Fom ɗin mai tsaya maka, wanda sai ka yi ta zarya ƙofar hakimi ko wani babban ma'aikaci.

5/
Kowanne a cikinsu tafiya ce. Ka hau mashin zuwa bakin titi, ka shiga mota zuwa Kalgo ko Birni, ka dawo. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 kowa ya san yadda kuɗin mota ya koma. Wani buhun shinkafa aka sayar aka ba shi. Wani akuyar mahaifiyarsa ce ta tafi kasuwa. Wata kuɗin adashen yayarta ta ranta. Duk gida ne ke zuba jari a kan mutum ɗaya.

6/
Sai a yi shiru wata biyu, wata huɗu. Rana tsaka kuma saƙo ya shigo ƙarfe 10 na dare: a zo gobe ƙarfe 8 na safe. Babu bayanin abin da za a yi, jarabawa ce ko intabiyu ko duba takardu. Babu lambar da za ka kira ka tambaya. In wayarka tana wurin mai caji ta kwana can, shi ke nan, aiki ya wuce ka kana barci.

7/
Ka yi asubanci ka isa. Ƙofa a rufe. Mai gadi bai san da zancen ba. Wani ya yago takarda a fara rubuta suna, zuwa ƙarfe 10 jerin sunaye ya zama uku, kowanne da masu kare shi. Babu inuwa, babu ruwa, babu wurin zama. Wanda ya san zafin Birnin Kebbi a watan Afrilu ya san me nake nufi. Ka tambaya ina oga, a ce yana mitin. Ko ya tafi ɗaurin aure.

8/
Ni da kaina na taɓa zuwa wata ma'aikata sau uku kan intabiyu ɗaya. Ranar farko aka ce waɗanda za su yi mana tambayoyin ba su iso ba. Ta biyu aka ce an bar fayil ɗin sunayenmu a wani ofis, mai makullin kuma ba ya nan. Ta uku muka shiga, minti huɗu aka yi da ni, kuma wanda ke tambayata da CV ɗin wani yake kallo. "Za mu neme ka." Har yau ana nemana.

9/
Abin lura a nan: ranar farko mun cika harabar wurin. Ta biyu mun ragu. Ta uku kusan duk waɗanda suka zo mazauna cikin gari ne, ko masu ɗan uwan da za su kwana wurinsa. Na Zuru da na Yauri da na Kamba ba su dawo ba. Ba wanda ya duba takardunsu ya ce ba su cancanta ba. Kuɗin mota ne ya yi musu intabiyu.

10/
Ke kuma 'yar uwa, naki ya fi namu. Da ƙyar aka bar ki ki tafi ranar farko. Wurin babu ban ɗaki mai kyau, in da goyo babu inda za ki raɓa. An ɗage zuwa jibi, kin dawo gida bayan magariba. Karo na biyu baba ya ce "a haƙura da wanga aiki haka nan." Sai daga baya a zauna a taro ana tambaya me ya sa matan Arewa ba sa neman aiki.

11/
Ga kuma shekaru. Aiki ya ce kada ka wuce 30, wani ma 25. Ka nema kana da 29, a ja tsarin shekara biyu ana ɗagewa, ƙarshe a soke a ce a sake nema daga farko. Yanzu kuma ka wuce. Yajin aikin ASUU na 2022 kaɗai wata takwas ya ci. Jinkirin nasu ne, amma kai za ka biya. Daga nan ne wasu ke komawa kotu rage shekaru, ƙarya ta haifi ƙarya.

12/
Kada wani ya ce ai ƙananan ofisoshi ne ke haka. Mu tuna 15 ga Maris 2014, ranar Asabar. Hukumar shige da fice ta ƙasa za ta ɗauki mutum ƙasa da 5,000. Sama da rabin miliyan suka nema, kowanne ya biya naira 1,000. Aka ce duk su fito rana ɗaya, a filayen wasa na jihohi, a yi musu jarabawa.

13/
A Abuja, Minna, Fatakwal da Benin aka yi turmutsitsi a bakin ƙofofi. Aƙalla mutum 15 suka rasu, ciki har da mata masu juna biyu. Sun bar gida da fayil da biro, aka mai da gawarwakinsu. Wanda ya sayar da fom ya san adadin mutanen da suka saya. Ya san girman filin, ya san yawan ƙofofi. Lissafin firamare ne wannan.

14/
Ministan cikin gida na lokacin, Abba Moro, da farko rashin haƙurin masu neman aikin ya ɗora wa laifi. Shugaban hukumar, David Parradang, ya shaida wa majalisa cewa ba da shi aka tsara abin ba. EFCC ta kai ƙara a 2016 kan kuɗin fom da ta ce sun kai naira miliyan 676, kotu kuma ta wanke Moro a 2022. To wa ya tara mutane a bakin ƙofa? Har yau iyayen yaran ba su da amsa mai gamsarwa.

15/
Bayan wannan aka koma intanet, aka ce turmutsitsi ya ƙare. Gaskiya ne an rage cunkoson fili, kuma wannan ci gaba ne. Amma ku duba 2025. Hukumar CDCFIB, mai kula da Sibil Difens, gidajen gyaran hali, kashe gobara da shige da fice, ta ce za ta ɗauki mutum kusan 30,000. Aka sa ranar buɗe fotal aka ɗage, aka sake ɗagewa. Da aka buɗe a Yuli sai ya kasa ɗaukar jama'a, aka dakatar aka sake buɗewa.

16/
Sama da mutum miliyan 1.9 suka nema. Gurbi ɗaya, mutum fiye da 60. Su waye suka fi shan wuya a kwanakin da shafin ke hawa yana sauka? Mai wayifai a gida zai tashi ƙarfe 2 na dare ya gwada. Yaron Dangoma ko Gayi ko Diggi sai ya hau mashin zuwa kafe, ya biya, shafi ya tsaya a rabin hanya, gobe ya sake biya. Layin yana nan, kawai ba a ganinsa a hoto ne.

17/
Ga na 'yan sanda. An buɗe neman kurata 10,000 a Oktoba 2023. Yara suka sayi farar riga da farin gajeren wando suka je tantancewa, suka rubuta jarabawar kwamfuta, suka yi gwajin lafiya. A Yuni 2024 hukumar kula da aikin 'yan sanda, PSC, ta fitar da sunaye. Bayan 'yan kwanaki rundunar 'yan sanda ta fito ta ce ba ta yarda da jerin ba, wai akwai sunayen waɗanda ba su ma nema ba.

18/
PSC ta musanta, aka yi ta musayar sanarwa a jaridu. Rikicin wa ke da ikon ɗauka tsohon rikici ne, tun 2019 ake yinsa, har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yuli 2023 cewa ikon na PSC ne. Ka ɗauka kai ne yaron da ya ga sunansa, gida aka yi murna, maƙwabta suka zo barka. Washegari ka ji a rediyo jerin ma ana jayayya a kansa. Sai Agusta aka shiga horo.

19/
N-Power fa? Rukunin C da aka buɗe a 2020, sama da mutum miliyan 5 suka nema. Wanda ya bi zancen ya tuna watannin jira, da komawa sabon fotal na NASIMS, da ɗaukar hoton yatsa da ke ƙin shiga. Waɗanda suka samu kuma da yawa suna bin bashin alawus na naira 30,000 na watanni, aka dakatar da shirin a Oktoba 2023.

20/
Tambayar ita ce: me ya sa abu ɗaya ke maimaituwa shekara da shekaru? Wani ɓangare sakaci ne tsantsa, da raina talaka. Mai neman aiki ba shi da ƙungiya, ba ya yajin aiki, ba zai ɗaga murya ba don yana tsoron a cire sunansa. Ɓata masa rana ba ya jawo wa kowa ko takardar gargaɗi. Amma ruwa ba ya tsami banza. Akwai masu cin abinci a cikin duhun.

21/
Inda aka faɗi gurabe nawa ne, aka manna makin kowa, aka sa ranar fitar da sakamako, da wuya ka cusa sunan ɗan wani. Inda kuwa babu wanda ya san adadin gurabe, babu wanda ya ga makinsa, jerin sunaye yana fita kashi-kashi a ɓoye, to nan kasuwar silot ke ci. Kai kana rana kana kare lambarka a layi, takardar kama aiki tana falon wani ana rubuta suna.

22/
Kuma doka ba ta yi shiru ba. Ƙa'idar Hukumar Raba Daidai ta Tarayya ta ce ma'aikatar tarayya ta tallata gurabenta a jaridun ƙasa aƙalla biyu, ta ba mutane mako shida su nema. Amma akwai ƙofar baya: ma'aikata ta nemi a ɗauke mata tallatawa. A 2016 aka bankaɗo yadda Babban Bankin Najeriya ya ɗauki ɗaruruwan ma'aikata ba talla, ciki har da 'ya'yan manya. Bankin ya ce ai ya samu izini.

23/
A 2023 kwamitin majalisar wakilai ƙarƙashin Yusuf Gagdi ya binciki cinikin guraben aiki. A gaban kwamitin, ana ɗauka a talabijin, wani tsohon jami'in Hukumar Raba Daidai ya amsa cewa ya karɓi miliyoyin naira daga masu neman aiki. Shugabar hukumar ta lokacin ta musanta cewa da hannunta. Hukumar da aka kafa don ɗan Kebbi ya samu kasonsa ce fa ake wannan zance a kanta.

24/
Shirun da ma'aikatu ke yi kuma shi ke ciyar da 'yan damfara. Da yake ba a faɗin ranar da sakamako zai fito, duk wanda ya buɗe shafi a Facebook ya sa tambarin hukuma sai a yarda da shi. "An fitar da sunaye, turo 5k a duba maka." Gurup na WhatsApp, fom na bogi, har takardar kama aiki ta bogi. Sai hukuma ta fito tana gargaɗi. Da ta yi magana a kan lokaci, da ɗan damfara bai samu wurin tsayawa ba.

25/
Kamfanoni da masu zaman kansu ma ba su tsira ba. Makarantar kuɗi ta sa ka koyar wata guda "na gwaji" ba ko sisi, ƙarshe a ce a dakata tukuna. Kamfani ya kira ka Abuja, ka bi ta Jega, Koko, Yauri, Kontagora, wuni guda a mota, ka isa a ce manaja ya yi tafiya. Wani wurin sai ka zauna ka gane ba aiki ba ne, so ake ka sayi kayan magani ka jawo mutum biyu.

26/
Da zancen albashi. A yi maka intabiyu zagaye uku ba a faɗi nawa za a biya ba. In ka tambaya a ce ka cika son kuɗi. Sai ranar ƙarshe ka ji adadin da bai kai kuɗin motarka na wata ba, alhali mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne tun Yuli 2024. Da an rubuta a tallan, da ka zauna gida ka yi dashen shinkafarka.

27/
Mata kuma a yi ta tambayarsu abin da bai shafi aikin ba. Yaushe za ki yi aure? Mijinki zai bari? Kina da ciki? Wani ma ya ɗauki lambar waya daga CV ya fara turo saƙo da dare. Takardun da muka tara kuwa, masu hoto da NIN da adireshi, kowa ya san labarin ganinsu an naɗe ƙosai ko tsire da su. Akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Da yawa masu ɗaukar aiki ba su san da ita ba.

28/
Na san abin da wasu za su ce, kuma suna da gaskiyarsu. Masu nema sun yi yawa. Ka tallata gurbi 10 mutum 3,000 su zo. Wasunmu ma ba sa karanta sharuɗɗa, mai NCE ya nemi aikin likita. Akwai takardun bogi, akwai mai zuwa a makare, akwai mai turo ƙaninsa ya rubuta masa jarabawa. In bera da sata, daddawa ma da wari. Na yarda.

29/
Amma yawan mutane ai shi ne dalilin yin tsari. JAMB na yi wa kusan mutum miliyan 2 jarabawa duk shekara. Kowa na fitar da silif mai ɗauke da rana, lokaci da cibiya tun kafin ranar. Da aka samu tangarɗa a 2025 wadda ta shafi ɗalibai kusan 380,000 a Legas da Kudu maso Gabas, shugabanta Farfesa Ishaq Oloyede ya fito bainar jama'a ya nemi gafara, aka sake musu. JAMB na da nata matsalolin, amma ta nuna abin yana yiwuwa a ƙasar nan.

30/
Wani kuma zai ce ai mai nema shi ke haƙuri, rabo ne, in naka ne zai zo. Haƙuri mun yi, muna kan yi. Amma wanda ya ce ka zo ƙarfe 8 alƙawari ya ɗauka, alƙawari kuwa kaya ne. Gurbin aikin gwamnati amana ce a hannun wanda aka ba rabonsa. Kada a fake da rabo a rufe sakacin da mutum ya yi da hannunsa.

31/
Mu leƙa waje kaɗan. A Jamus, in kamfani ya gayyace ka intabiyu, a doka shi ke biyan kuɗin tafiyarka, sai dai in ya faɗa maka tun farko cewa ba zai biya ba. A lardin Ontariyo na Kanada, daga Janairu 2026, kamfani mai ma'aikata 25 ko fiye dole ya rubuta albashi a tallan aiki, kuma ya sanar da wanda ya yi wa intabiyu matsayinsa cikin kwana 45. Su ma sun sha fama da "za mu neme ka", sai suka yi mata doka.

32/
To mu a Kebbi me muke nema? Abubuwan da ba sa cin kuɗi. Na ɗaya: duk talla ta faɗi gurabe nawa ne, albashi ko matakin albashi nawa ne, matakan tantancewa nawa ne, da ranar da sakamako zai fito. Na biyu: gayyata ta zo aƙalla kwana 7 kafin ranar, ta saƙon waya da rediyo, a manna a sakatariyar ƙaramar hukuma. In an ɗage, a sanar kafin mutane su hau mota.

33/
Na uku: a daina tara jiha guda a Birnin Kebbi rana ɗaya. Ƙananan hukumomi 21 gare mu, masarautu huɗu: Gwandu, Argungu, Yauri, Zuru. Ya fi sauƙi jami'ai biyar su je Zuru da a ce matasa dubu su taso daga Zuru. A raba mutane da lokaci, na safe daban na yamma daban. A kafa rumfa, a ajiye ruwa, a ware wa mata wurinsu.

34/
Na huɗu, kuma shi ne babba: a manna sakamako. Suna ko lambar jarabawa, maki, ƙaramar hukuma, mazaɓa. Mazaɓu 225 ne a jihar nan. Ɗan mazaɓar Dangoma/Gayi yana da haƙƙin ya ga mutum nawa aka ɗauka daga mazaɓarsa da makin da suka ci. Wanda ya faɗi ya ga inda ya faɗi, ya je ya gyara. Wanda aka cusa kuwa, 'yan garinsu za su gane shi.

35/
Na biyar: wanda ba a ɗauka ba a faɗa masa. Saƙon waya ɗaya ne. "Mun gode, ba ka samu ba a wannan karo." Da zafi, amma mutum zai kama wani abu. Na san matasan da suka ƙi tafiya koyon sana'a, suka ƙi karɓar bashin noman rani, saboda suna jiran jerin sunayen da ashe an daɗe da rabawa. Shekara guda ta rayuwar mutum ta tafi a jiran saƙo.

36/
Gwamna Nasir Idris, Kauran Gwandu, ɗan ƙwadago ne, ya shugabanci ƙungiyar malamai ta ƙasa, NUT. Ya san darajar ma'aikaci fiye da yawancin gwamnoni. Roƙona shi ne a faɗaɗa wannan daraja ta kai ga wanda bai kai ga zama ma'aikaci ba tukuna. Takardar umarni ɗaya zuwa hukumar ɗaukar ma'aikata ta jiha, SUBEB da hukumar ma'aikatan ƙananan hukumomi za ta iya kafa waɗannan ƙa'idoji biyar.

37/
'Yan majalisar jiha 24 kuma, ga ƙudurin da zai taɓa kowane gida a mazaɓunku. Na san wasunku rabon silot ya fi musu daɗi, don shi ke kawo godiya da ƙuri'a. Amma silot biyar kake samu, mutum 500 ke biyo ka, 495 su koma suna zaginka. Tsari a fili zai sauke maka wannan kaya kai ma.

38/
Mu kuma matasa, kafin su gyara, mu kare kanmu. Kada ka biya kowa kuɗi don aikin gwamnati, ko a asusun wa aka ce ka tura. Kada ka bar takardunka na asali a hannun kowa. Kafin ka hau mota ka tambaya: a ina, ƙarfe nawa, me za a yi, nawa ne albashin. Wurin da ya ji haushin waɗannan tambayoyi ya riga ya nuna maka yadda zama da shi zai kasance. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

39/
Ka ajiye shaida. Hoton talla, saƙon gayyata, silif, hoton wurin da lokacin da ka isa. In an zalunce ku, ku haɗu ku rubuta takarda ɗaya da sa hannun mutum 30, ta fi zagi 300 a kwament. Akwai Hukumar Karɓar Ƙorafin Jama'a, tana da ofis a kowace jiha, kuma kyauta ce. Zancen cin hanci a kai ICPC. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ma'aikatar tarayya kwana 7 ta amsa tambayar da aka yi mata a rubuce.

40/
Kuma mu taimaki juna. In kana Birni ka ji an canja wuri ko rana, ka sanar a gurup ɗin garinku, kada ka ɓoye don a ragu. In kana da ɗaki, ka ba ɗan ƙauyenku wurin kwana. In kai ne ka samu shiga har aka ba ka rajistar masu intabiyu ka riƙe, ka tuna ranar da ka tsaya a rana. Ka fito ka yi wa mutane bayani ko da minti biyu ne.

41/
Yanzu naku nake son ji. Sau nawa aka taɓa ɗage maka intabiyu? Nawa ka kashe a neman aikin da ba a ko amsa maka ba? Ke fa, wace tambaya aka taɓa yi miki da ta ba ki haushi? Ku rubuta a ƙasa, da garinku da shekarar, amma ban da sunan mutum ko lambar wayarsa. In sun taru da yawa za mu haɗa su wuri ɗaya mu miƙa wa wakilanmu a majalisar jiha. A tura wa wanda ke kan nema yanzu. Allah Ya ba kowa halaliyarsa.